Yadda Za Ka Gwada Felet ɗin Murhu Kafin Ka Sayi Na Duk Hunturu

Duk shekara, da zarar iska ta fara juyawa, tambaya ɗaya mutane ke ta maimaita min: wane kamfani ne ya fi yin felet mai kyau? Felet nake nufi, ƙananan curin garin katakon nan masu tsayi kamar guntun alli, waɗanda ake zuba wa murhun ɗumama ɗaki. Amsata ba ta cika yi wa masu tambaya daɗi ba, don ba na kiran sunan kowa. Felet mai suna ɗaya kan fito daga masana'anta biyu ko uku, kuma masana'anta ɗaya na iya sauya inda take samo garin katako tsakanin bara da bana. Na taɓa sayen tan guda cur saboda yabon da na ji ana yi wa wani suna. Kafin mako ya cika, murhu ya mutu min sau biyu cikin dare, na tashi da asuba na tarar da kaskon wuta ya toshe da wani ƙwaƙƙwaran dunƙule mai ramuka, sai da na sa ƙarfe na ɓamɓare shi. Sauran buhunan kuwa suna jibge suna jirana. Tun daga ranar ba na sayen da yawa sai murhuna ya yanke hukunci. Ga yadda nake yi.

1. Haɗa kayan aiki

Kana bukatar sikelin kicin mai auna giram, rariya mai ido kamar milimita 3, kofin awo na lita ɗaya, kofin gilashi, bokitin ƙarfe mai murfi, ma'aunin zafi, da littafi da biro. Duk ba su kai kuɗin buhu kaɗan ba, kuma yawancinsu suna cikin gidanka.

Sai ka zaɓi iri biyu ko uku, ka sayi buhu uku na kowanne. Buhu ɗaya ba ya isa. Na farko yakan gauraya da ragowar tsohon felet da ke cikin murhu, kuma kashin maƙera, wato narkakkiyar tokar da ke daskarewa a kasko, sau da yawa sai an kwana biyu ana wuta yake bayyana.

Gargaɗi: buɗe littafin umarnin murhunka tun yanzu. Yawancin murhun gida suna son felet mai kauri milimita 6, kuma masu ƙera su da dama sun rubuta ajin ingancin felet da suka yarda da shi. Idan ka ƙona wanda bai kai ba, kana iya rasa garantinka.

2. Karanta bayan buhu, ba gabansa ba

Gaban buhu talla ce. Hoton daji, hoton wuta, kalmomin "na musamman" da "mafi inganci", duk wanda ya ga dama zai buga su. Abin da za ka nema shi ne hatimin hukumar da ta gwada kayan.

A Turai hatimin da aka fi gani shi ne ENplus, mai aji uku: A1, A2 da B. Na murhun ɗaki shi ne A1. Ƙa'idarsa ita ce toka kada ta wuce kashi 0.7 cikin 100, danshi kada ya wuce kashi 10, tsayin ƙwaya ya kasance tsakanin milimita 3.15 da 40, zafin da kilo ɗaya ke bayarwa kada ya gaza kilowat-awa 4.6 (ma'aunin yawan zafi ke nan), sannan idan aka jujjuya shi a injin gwaji aƙalla kashi 98 ya fito bai farfashe ba. A2 an yarda tokarsa ta kai kashi 1.2, B kuma kashi 2. Akwai kuma DINplus na Jamus, wanda ƙa'idojinsa ke kusa da na A1. A Amurka hatimin PFI, ƙungiyar masu yin felet ta can, ake dubawa, inda ajin Premium ke nufin toka ba ta wuce kashi 1 ba, danshi bai wuce kashi 8 ba.

Waɗannan lambobi suna kama da ƙanana har sai ka ninka su. Tan ɗaya mai toka kashi 0.7 zai bar maka kilo 7. Mai kashi 2 zai bar kilo 20, kuma duk ta hannunka za ta fita.

Gargaɗi: hatimin ENplus na gaskiya yana ɗauke da lambar shaida, haruffa biyu na ƙasa da lambobi uku, kuma kana iya neman lambar a shafin intanet na ENplus ka ga ko sunan kamfanin ya dace da ita. Buhun da aka rubuta wa "daidai da ƙa'idar A1" ba tare da hatimi da lamba ba, maganar mai kaya ce kawai, babu wanda ya tabbatar.

Wata dabara da ake yi ita ce ta lambar zafi. Wasu na buga zafin da felet zai bayar da a ce babu ɗigon danshi a jikinsa, sai lambar ta haura kilowat-awa 5 a kilo sosai. Kai kuwa da danshinsa za ka ƙona shi. Idan ka ga lamba ta yi fice a kan sauran, nemi inda aka rubuta ko awon busasshe ne ko na yadda yake a buhu.

Kada ka ɗauki felet ɗin shimfiɗar dabbobi, ko wanda aka yi da kara, ciyawa ko ɓawon iri, don ya fi araha. Tokarsu ta ninka ta itace sau da yawa, kuma tana saurin narkewa.

3. Ido, hannu da hanci

Kafin ka yanka buhu, ɗaga shi ka dubi kusurwoyin ƙasa. Idan ledar mai bayyana ciki ce, za ka ga yawan garin da ya taru. Shafa jikinsa: inda ka ji wani kumburi mai laushi kamar dusa, ruwa ya taɓa wajen.

Yanzu zuba tafin hannu biyu a kan farar takarda. Felet mai kyau jikinsa santsi ne, yana ɗan sheƙi kamar an shafa masa mai. Wannan sheƙin ba fenti ba ne, danƙon cikin itacen ne da ya narke lokacin matsewa ya haɗe garin. Ɗauki ɗaya ka karya. Ya kamata ka ji ƙas, ya rabu biyu da baki mai kaifi. Wanda ya marmashe tsakanin yatsu, ko jikinsa ya yi tsaga-tsaga a kwance, bai matsu ba ko ya sha laima.

Dubi tsayi. Dogaye da suka wuce santimita 4 sukan gitta a bakin ƙarfen murɗen da ke turo felet zuwa kasko, su hana na bayansu saukowa, wuta ta mutu alhali rumbun murhu cike yake. Ko biyu ka gani a tafin hannu ɗaya, rubuta.

Sansana. Ƙanshin sabon katako ya kamata ka ji. Warin gam, fenti, ƙonannen roba ko fumfuna na nufin ka ajiye buhun nan gefe. Idan ka hango ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi, ja ko fari fat a jikin ƙwaya, alama ce an niƙa tsofaffin kayan ɗaki an zuba. Wannan ba a ƙona shi a ɗakin da yara ke kwana, ko kyauta aka ba ka.

Maganar launi kuwa, mutane na ba ta muhimmancin da ba ta kai ba. Gaskiya ne ɓawon itace na sa felet duhu kuma yana ƙara toka, amma irin itacen da zafin busarwa su ma suna sauya launi. Na ƙona mai duhu da ya bar toka kaɗan, na ƙona fari tas da ya cika min kasko. Haka ma gardamar itace mai tauri da mai taushi. A itacen faskare mai tauri ya fi, don ya fi nauyi. Amma da zarar an niƙa an matse, nauyinsu ya zama kusan ɗaya, har ma mai taushi irin bishiyar fayin (pine) yakan ɗan fi zafi saboda ƙaron da ke jikinsa. Tsabtar garin da ƙwarewar masana'anta sun fi irin bishiyar tasiri.

4. Tankaɗe gari

Juye buhu guda kaɗan-kaɗan ta cikin rariya zuwa babban roba, ka tara abin da ya zubo ka auna. Ƙa'idar ENplus ga kayan buhu ita ce gari kada ya wuce rabin kashi ɗaya lokacin fita daga masana'anta, wato giram 75 a buhu mai kilo 15. Lodi da saukewa na ƙara shi, don haka kada ka tsananta. Amma idan ka auna giram 200 ko 300, matsala ce. Garin nan shi ke danƙarewa a gindin ƙarfen murɗe har injinsa ya riƙa gurnani, shi ne kuma ke tashi ya baƙanta gilashin ƙofar murhu.

Gargaɗi: yi wannan aiki a waje ko inda iska ke shiga, nesa da wuta, da takunkumi a hanci. Ƙurar katako tana kama wuta da sauri, kuma ba ta da kyau ga huhu. Kada ka juye garin cikin murhu mai ci.

5. Lita ɗaya da kofin ruwa

Cika kofin lita ɗaya, ka ɗan bubbuga shi a tebur, ka share bakinsa, ka auna bayan ka cire nauyin kofin. Ya kamata ka samu tsakanin giram 600 da 750. Maimaita sau uku, ka riƙe matsakaici. Wannan lamba za ta yi maka amfani a mataki na 7, don haka kada ka tsallake ta.

Sai ka jefa ƙwaya biyar ko shida cikin kofin gilashi mai ruwa. Wanda ya matsu da kyau zai nutse nan take, domin ya fi ruwa nauyi, sannan cikin 'yan mintuna ya kumbura ya koma gari. Wanda ya tsaya yana yawo a sama bai matsu ba. Bayan ya narke, motsa da cokali, ka bari ya kwanta, ka tsiyaye a hankali, sannan ka shafa gindin kofin da yatsa. Idan ka ji ƙurus-ƙurus na yashi, ka san daga ina kashin maƙera zai fito. Wannan gwaji na tace marasa kyau ne kawai, ba ya nuna wanda ya fi a cikin masu kyau.

6. Danshi, idan kana zargi

Ba kullum nake yin wannan ba. Idan kana shakka, auna giram 100 daidai, shimfiɗa a faranti, sa a obin a zafin digiri 105 na ma'aunin Celsius, ka riƙa fitarwa kana aunawa har nauyin ya daina raguwa. Idan ya tsaya a giram 92, danshi kashi 8 ne. Idan ya faɗi ƙasa da 90, ya wuce ƙa'ida. Kada ka ƙara zafi don ka yi sauri, kuma kada ka fita ka bar shi.

7. Gwajin wuta

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure.

Fara da murhu mai sanyi. Kwashe duk tsohon felet daga rumbu, share kasko har ramukan iskarsa su bayyana, kwashe toka, goge gilashi, kaɗe bututun da ke ɗaukar zafi. Idan ka gwada iri na farko a murhu mai tsabta, na biyu kuma a mai datti, ka zalunci na biyu, kuma sakamakon ba shi da amfani.

Zaɓi mataki ɗaya na ƙarfin wuta, na tsakiya ya fi, ka bar shi haka ga duk irin da za ka gwada. Zuba buhu na farko ka rubuta lokaci. Lura da minti nawa ya ɗauka kafin ya kama. Bayan awa ɗaya, lokacin da jikin murhu ya gama ɗaukar zafi, auna zafin iskar da ke fitowa, a wuri ɗaya da nisa ɗaya kowane lokaci. Ni nakan manna ɗan tef a ƙasa don kada in manta inda na tsaya.

Sai ka ja kujera ka zauna ka kalli wutar na minti goma. Wuta mai lafiya rawaya ce mai haske, tana tsaye tana rawa da kuzari, kuma kana ganin ƙwayoyin suna cinyewa kafin sababbi su faɗo. Idan harshen ya yi tsawo, ya yi ja-ja mai duhu, yana lanƙwasa a kasale da baƙin hayaƙi a bakinsa, felet ya fi iska yawa. Idan kuma gajere ne fari yana huci, garwashi na tsalle daga kasko, iska ta yi yawa. Dubi gilashi bayan awa shida: ƙura mai launin toka da yatsa ke sharewa ba komai ba ce, baƙar kunkunniya mai maiƙo kuwa alamar ƙonewa ce marar kyau.

Ga kuskuren da kusan kowa ke yi. Mutum zai ce buhun wannan ya kai awa 14, na wancan awa 12, saboda haka na farko ya fi. Ba lallai ba ne. Ƙarfen murɗe ba nauyi yake aunawa ba, cika yake ɗiba. Felet gajere mai nauyi yana shiga da yawa a kowane juyi, sai buhu ya ƙare da wuri amma ɗaki ya fi zafi. Dogo marar nauyi kuwa yana daɗewa domin kaɗan-kaɗan yake sauka. Shi ya sa dole ka ajiye abu uku gefe da gefe: awannin da buhu ya yi, zafin iskar da ka auna, da nauyin litar nan ta mataki na 5. Idan murhunka na da na'urar da ke riƙe zafin ɗaki a lamba ɗaya da kansa, aikin ya fi sauƙi: sa shi a lamba ɗaya, ka ƙirga kilo nawa ya ci a ranakun da sanyinsu ya yi kusa.

Wannan ma shi ne dalilin da ya sa nake cewa kada a yi saurin yanke wa felet hukunci a buhun farko. Wani lokaci mai kyau ne ƙwarai, nauyinsa ne ya fi wanda aka saita murhu da shi. A buhu na biyu, rage turowa kaɗan ko ƙara iska kaɗan yadda littafin murhunka ya nuna, ka rubuta abin da ka sauya. Wanda ya gyaru da ɗan saiti, ka riƙe shi. Wanda ya ƙi, ya ƙi.

Gargaɗi: kada ka taɓa zuba felet da hannu kai tsaye cikin kasko, kuma idan wuta ta ƙi kamawa, kwashe wanda ya taru kafin ka sake kunnawa. Tarin felet da ya daɗe yana hayaƙi na iya kamawa lokaci guda da ƙarfin da zai girgiza ƙofa. Kada ka cire filogi don kashe murhu, bar fanka ta gama fitar da hayaƙi. Sannan a ɗakin da murhu yake dole a samu na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid, domin iskar ba ta da launi ba ta da wari.

8. Auna toka, duba kasko

Bayan buhu uku, bar murhu ya huce sarai. Tattara tokar kasko da ta aljihun toka, ka auna. A lissafi, kilo 45 na A1 bai kamata ya bar abin da ya wuce giram 315 ba. Awonka ba zai zama na ɗakin gwaji ba, don wata tokar ta bi bututu, wata kuma akwai gawayi a cikinta, amma tunda hanya ɗaya ka bi ga kowane iri, kwatancen zai tsaya.

Murza tokar a yatsa. Mai kyau laushi gare ta kamar gari, launinta fari-fari ko toka-toka. Baƙa mai gutsattsarin gawayi na nuna ba ta ƙone duka ba. Sai ka ɗaga kaskon ka duba ramukansa a haske. Ɓawo mai rugujewa da ɗan taɓi ba abin damuwa ba ne. Dunƙule mai tauri kamar dutse, wani lokaci har da ƙyallin gilashi, shi ne kashin maƙera. Yashi, ƙasa da ɓawo su ke sa toka narkewa da wuri, shi ya sa ENplus ta ce tokar A1 kada ta fara narkewa ƙasa da digiri 1200. A wajena wannan shi ne babban ma'auni. Toka mai yawa aiki kawai take ƙara maka. Kashin maƙera kuwa yana toshe iska, felet ya taru, wuta ta mutu lokacin da kowa ke barci.

Gargaɗi: garwashi na iya ɓuya cikin toka kwana biyu ko fiye. Zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, ajiye a waje a kan siminti ko ƙasa. Kada ka zuƙe ta da injin shara na gida.

9. Lissafin kuɗi

Kada ka kwatanta buhu da buhu sai ka tabbata nauyinsu ɗaya. A Turai buhu yawanci kilo 15 ne, a Amurka laba 40, wato kilo 18 da ɗan ɗoriya, buhu 50 ke yin tan ɗinsu. Raba kuɗin da yawan zafin da ke ciki. A ce buhun farko 600 ne a kowane irin kuɗi kake kashewa, kuma kilonsa na ba da kilowat-awa 4.9: kilo 15 sau 4.9 ya zama 73.5, kowane kilowat-awa ya tashi 8.2. Na biyu 550 ne mai 4.6: ya zama 69, kowane ɗaya ya tashi kusan 8. Ka ga ratar da ta yi kama da babba a shago ta kusa ɓacewa.

Haka abin yake yawanci tsakanin masu hatimi na gaskiya: bambancin zafinsu kaɗan ne. Abin da ke raba su shi ne gari, toka da kashin maƙera. Don haka ƙara kuɗin kawowa gida, cire garin da ka tankaɗe don shi ma ka biya kuɗinsa, sannan ka tambayi kanka sau nawa a mako kake son durƙusawa gaban murhu da buroshi. Kiran mai gyara sau ɗaya saboda injin turowa ya ƙone zai cinye duk rarar da ka samu a hunturun.

10. Sayen da yawa da ajiya

Idan ka zaɓa, koma da wuri, ka nemi kaya mai lambar shaida da kwanan wata irin na buhunan da ka gwada. Idan sabon kaya ne ya iso, sayi buhu ɗaya ka sake mataki na 3 zuwa na 5, ba ya ɗaukar rabin awa. Tambayi mai shago inda yake ajiye kayan. Wanda ya kwana a fili da yagaggiyar leda, ko sunan wa ke jikinsa, bar shi. Ranar da aka kawo, duba buhunan ƙasa da na kusurwa kafin ka sa hannu a takarda, ka ajiye buhu ɗaya da ba komai ciki tare da rasit, ko da za ka kai ƙorafi.

Jera su a kan katako, ba a kan siminti ba, da ɗan rata tsakaninsu da bango. Yawancin ledojin suna da ƙananan huji na shan iska, don haka ba sa hana ruwa shiga. Felet ɗin da ya jiƙe ya kumbura ba ya komawa ko ka shanya shi, kada ka zuba shi a murhu.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma mutane da yawa ba su san shi ba: felet da aka tara da yawa a rufaffen wuri yana fitar da kabon monoksaid da kansa, ko babu wuta, musamman sabo. An rasa rayuka ta wannan hanya a ɗakunan ajiya. Kada ka jibge shi a ɗakin kwana, kada yara su shiga ma'ajin su yi wasa, kuma kafin ka shiga ɗakin da ya daɗe a rufe, buɗe ƙofa da taga ka bar iska ta ratsa aƙalla minti 15.